Ruwan Wankin Mai

Ni na fara haɗa dizal daga tsohon man suya a gidanmu na Shamaki. Ni nake zagaya masu ƙosai da masu soya kifi a Bolari ina tara baƙin mansu, ni sodar haɗa man ta ƙona wa yatsu, kuma da man nan injin niƙanmu yake ciyar da gidan. Amma a bakin Iya, mahaifiyarmu, ba a taɓa haihuwar mai ƙwaƙwalwa ba sai ƙanena Usaini.

Me ya yi? In an haɗa man sai an wanke shi da ruwa, ruwan ya fito fari kamar kunu, ga maiƙo ga wari. Da a kwata nake sakinsa, maƙwabta suna ta ƙorafi. Usaini ya samo ganguna, ya jera tsakuwa da yashi da gawayi a ciki, ruwan ya riƙa ɗigowa garau. Shi ke nan fa. Iya ta shiga shayar da zogalenta da shi, duk baƙuwar da ta zo sai an ja ta bayan gida ta ga aikin Usaini. Ni ko sannu. Wallahi abin yana cin raina, har ƙarar ɗigar ruwan nan ba na son ji.

Lokacin kuwa garin ba kwanciyar hankali, ba a daɗe da tashin bam a tasha ba. Wani ya hango ganguna da jarkoki da bututu a gidanmu, ya kai rahoto. Da hantsi sai ga jami'an tsaro, mai unguwa na biye da su yana share gumi.

Babbansu ya leƙa gangunan tacewar, ya ɗebi gawayi ya shinshina. Ya ce, "Mama, wannan kayan na waye?"

Usaini ya buɗe baki zai yi magana. Iya ta sha gabansa, ta tura shi baya da gwiwar hannu.

"Na Rabe ne, ranka ya daɗe," ta ce, tana nuna ni. "Duk abin da ka gani a gidan nan aikin Rabe ne. Wannan ba ya taɓa komai."

Suka tafi da ni. Sai bayan la'asar suka gamsu cewa mai ne kawai, suka sallame ni. Na dawo na tarar da Iya ta kwantar da Usaini a tabarma tana yi masa fifita, wai ya tsorata.

Ta ɗago ta dube ni. "Ka dawo? To madalla. Taka a hankali, ƙanenka bai daɗe da samun barci ba."