Keken Bakin Titi

Tun da matarsa ta rasu, Graeme Tolhurst ba shi da abokin hira a garin Collie sai rediyo, shi kuwa rediyo ba ya jiran amsa. Likita ta ce ya motsa jiki, 'yarsa Narelle ta ce ya shiga mutane. Sai Narelle ta haɗe masa biyun wuri guda. Akwai wasu dattawa da ke hawan keke cikin daji duk ranar Asabar, ta riga ta ba su sunansa.

"Baba, in ka noƙe wannan karon, ni da kai ne," in ji ta a waya daga Perth.

Shi ma yana so, har cikin ransa yana so, don kaɗaici ya ishe shi. Keken ne babu.

Ya leƙa shagon kekuna. Mai shagon ta ɗago masa wani da yatsu biyu don ya ga rashin nauyi. Graeme ya duba farashin, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

"Wannan har da direba ake bayarwa?"

"To wane iri kake so, dattijo?"

"Mai ƙwari. Mai faɗin taya, birki mai kamawa. Wanda in muka faɗi cikin tsakuwa ni kaɗai zan yi kuka."

Ta nuna masa mai sauƙin kuɗi, ya ce zai yi shawara. Wace shawara! Graeme dai maƙo ne da shi, mutumin da ke shanya ganyen shayi ya sake dafawa.

Sai aka yi dace makon kwashe tarkace ne, lokacin da kowa ke jibge abin da ya gaji da shi a bakin titi, wanda ya riga gani ya ɗauka. A hanyarsa ta komawa gida, jikin wata tsohuwar katifa da firij mara ƙofa, ya hango koren keke a jingine. Ya matsa taya, tauri kamar dutse. Ya kama birki, cak. Sarƙa har da sabon mai.

"Kai, mutane sun ƙoshi," ya faɗa a ransa. Ya haye ya tafi yana fito. Gaskiya gwiwoyinsa na dukan kan keken, ya yi masa kaɗan, amma abin kyauta wa zai tsaya aunawa?

Ranar Asabar ya isa bakin daji da sabuwar hular kwano, kamar ɗan sabon shiga makaranta. Ya tarar da dattawan sun kewaye wata 'yar gajeriyar mata, Maureen Vukovic, shugabar tafiyar. Tana riƙe da wani ƙaton baƙin keke da ya kusa kai mata ƙirji, tana ta zazzaga masifa.

"Jingine kekena kawai na yi! Na zaga bayan firij ina ciro wata fitila, in fito, wayam! Da ƙafa na koma gida, fitila a kafaɗa. Yanzu dubi abin da nake hawa, na ɗana da ya koma Darwin, sai na taka dutse nake..."

Sai idonta ya sauka a kan koren keken da Graeme ke kai. Kowa ya bi idonta da kallo.

Graeme ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ranar farko, ko gaisawa ba a yi ba, ya zama ɓarawon gari. Ya riga ya hango kansa a kujerar falo, shi da rediyo, har abada.

"Baiwar Allah," ya ce, "a jikin katifa na same shi."

"A jikin katifa! Keken da aka yar ka taɓa ganin an sa masa mai?"

"Ni ma abin ya ba ni mamaki."

Wani mai farin gemu, Col, ya fara fashewa da dariya har yana dafa bishiya. "Maureen, ke ma fa fitilar mutane kika tafi da ita. Kin tambaya?"

"Rufe mana baki, Col!"

Graeme ya sauka ya miƙa mata keken, ya juya zai kama hanyar gida da ƙafa.

"Ina kuma za ka, zanƙalele?" in ji Maureen. "Zo ka hau wannan mu gani."

Ya hau baƙin keken. Kai ka ce don shi aka ƙera: ƙafa ta miƙe, baya ya huta, taya mai faɗi.

"Ya yi maka," in ji Maureen. "Kuɗinsa shi ne ka saya wa jama'a kofi su sha in mun dawo. Sannan kai ne a gaba."

"Ni? Ban san hanya ba."

"Hanya ɗaya ce. Wuce!"

Ya yi mamakin wannan girma. Bai gane ba sai da suka kai wata doguwar bishiya, inda wani hankaka mai gadin sheƙarsa ya sauko kamar jifa ya dankara masa baki a hular kwano. Ƙwas! Ya kewayo, ƙwas! Ashe na gaba yake fara tarba, su kuwa duk sun ja baya suna kallo.

"Taka, Graeme! Sunkuya, Graeme!"

Ya taka iya ƙarfinsa, yana haki yana zagin tsuntsun. Can ya lura shi ma dariya yake, har da hawaye, bai san lokacin da ta kufce masa ba.

A saman tudu Maureen ta iso shi tana numfarfashi. "Asabar mai zuwa ma kai ne a gaba. Har sai ƙwan hankakan nan ya ƙyanƙyashe."

"Zan zo," in ji Graeme. "Ƙarfe nawa?"