Ƙafar Dama a Kan Birki

Duk layin an san Walƙiya da babur. Yana ɗan saurayi ya tarar da na maƙwabcinsu a ƙofar gida da makulli a jiki, ya haye, ya buga, ya zaga unguwa ya dawo ya ajiye, alhali ba wanda ya taɓa nuna masa inda giya take. Tun ranar sunan ya bi shi, kuma tun ranar bakinsa bai rufu ba. In ya ga masu koyo suna zagaya tsofaffin tayoyi a fili, dariya yake har da riƙe ciki. Wai babur a jini yake, wanda ba a haifa da shi ba ya je ya nemi keke.

Ana haka sai yayarsa ta dawo daga aiki jiki a sanyaye. Kwalabe take wankewa a wani ɗakin gwajin jini, ga shi an kawo injin wanki, an ce ƙarshen wata za a sallami masu wanki. Gurbi ɗaya ya rage: ɗauko akwatin jini a babur daga ƙananan asibitoci. Wanda ya ci gwajin tuƙi aiki nasa ne, wanda ya faɗi ya kama hanyar gida. Ita kuwa Yaya keke kawai ta iya, shi ma rabonta da shi tun tana firamare.

"Wannan ne ya hana ki cin abinci?" in ji Walƙiya, a gaban mahaifiyarsu. "Ina gidan nan? Umma, ki shaida, kafin ƙarshen wata sai ta koya wa masu gwajin."

Umma ta ce, "Na shaida. Ka dai dawo min da ita da haƙoranta."

Washegari suka tafi filin bayan gareji da babur ɗinsa, a nan kuwa aka ga iyakar gwanin.

"Ya zan saki kulocin?" in ji Yaya.

"Ki sake shi kawai."

Ta sake shi kawai. Babur ya yi tsalle ya mutu.

"Haba Yaya! Ba haka ba!"

"To yaya?"

Ya buɗe baki, ya kalli hannunsa. Wallahi bai sani ba! Hannun ne ke yi, shi dai yana zaune a sama. "Ki ji shi a jikinki," ya ce. Ta yi masa kallon da take masa tun yana rarrafe.

Da naci ta koyi tafiya a miƙe, ta koyi canza giya da tsayawa. Amma gwajin ba gudu ba ne. Tayoyi za a jera kusa da kusa, a zagaya su a hankali da akwati a baya, kuma duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya faɗi. Nan Yaya ta maƙale. In ta rage totur babur ya kwanta, in ta ƙara ya kwashe ta ya yi kan tayar. Ta sha ƙasa har gwiwarta ta daina warkewa. Ran nan ta zauna a kan taya tana karkaɗe wando, ba ta yi kuka ba, ta ce dai, "Ina ga ba a haife ni da shi ba."

Maganarsa ce ta dawo masa daga bakinta, kuma ta yi masa zafi. Tsoro ya kama shi sosai: ƙarshen wata ya matso, aikin Yaya zai tafi, shi kuma ba abin da ya iya ba ta sai cika baki.

Sai ta miƙe. "Hau ka yi. Kar ka ce min komai, maganarka ba ta da amfani. Kallo zan yi."

Ya hau ya shiga tsakanin tayoyin yana lanƙwasa kamar ruwa. Ta tsuguna ta kalli hannunsa, ta koma gefe ta kalli kafaɗarsa, sannan ta zagaya bayansa da wayarta tana ɗauka. Can sai ta kwala ihu.

"Tsaya! Tsaya! Kana taka birki!"

"Ni? Birki a kwana? Allah ya kiyaye!"

"Zo ka gani da idonka, sarkin musu!"

Ya leƙa wayar. Ga shi nan kuwa: duk lokacin da ya shiga kwana, jar fitilar baya sai ta kama, ta yi ta ci har ya fita, inji kuma na kuka daidai bai sauka ba. Ashe ƙafarsa ta dama na danne birkin baya kaɗan-kaɗan, hannu na riƙe da totur, babur ya tafi a hankali amma a tsaye. Shekara da shekaru ƙafar na wannan aiki, mai ita ba shi da labari.

"Kai! Kai! Ni ne wannan?" Ya yi tsalle ya dire, ya zaga tayoyin da gudu a ƙafa. "Yaya, hau! Hau maza kafin in manta!"

"Kai da ba ka sani ba me za ka manta?"

Ta hau ta gwada, ta faɗi. Ta sake, ta wuce taya ɗaya. Ta sake, ta wuce biyu! Daga ranar, da sassafe kafin aiki suna fili, da yamma suna fili. Walƙiya, mai yi wa masu zagaya taya dariya, shi ne ya koma jera taya da ɗaga babur. Abokansa na wucewa suna ce masa malamin makaranta, ko a jikinsa.

Ranar gwaji aka hana shi shiga harabar, ya manne da ƙofar ƙarfe yana leƙe. Shugaban direbobi ya ɗaure wa kowa akwati cike da kwalaben ruwa. Wani saurayi ya shigo da ƙarar inji, kana gani ka san irin su Walƙiya ne, a taya ta uku ya dire ƙafa. Walƙiya ya damƙe ƙofar. In wannan bai wuce ba, ina Yaya?

Ta ja hular kwano ta shiga. A hankali, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta wuce ta farko, ta wuce ta biyu. A ta ƙarshe babur ya karkata, kwalabe suka yi ƙara, ƙafarta ta hagu ta zame daga mataki. Walƙiya ya danna tasa ƙafar a ƙasa kamar shi ne a kai. Jar fitila ta kama, inji ya ɗaga murya kaɗan, babur ya miƙe ya fita.

Shugaban direbobi ya ɗaga hannu ya ce, "Gobe ki zo ki karɓi makulli."

Ihun da Walƙiya ya yi sai da mai gadi ya zabura. "Yayata ce! Wallahi yayata ce! Uwa ɗaya uba ɗaya!" Yana dariya hawaye na zuba, ya rungume mai gadin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da ta turo babur ɗinsa waje, ya miƙa hannu zai karɓa. Ta riƙe gam.

"Koma baya. Ni zan kai mu wurin Umma."

Bai taɓa zama a bayan kowa ba. Ya hau, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ƙarshe ya damƙe ƙarfen baya. Suka hau titi, iska ta cika rigarta, ta sa giya ta uku.

"Yaya," ya ce, "a hankali don Allah."

Ta yi dariya ta murɗa totur.