Baba da Garantin Babur

Shekara guda cur mahaifina ya yi yana wanke babur ɗin da aka hana shi kwancewa. Duk wanda ya san Usta Mu'tasim a Omdurman, babban makaniken da direbobin manyan motoci ke bin layi a bakin garejinsa, in ka gaya masa haka cewa zai yi ƙarya kake. To ni 'yarsa ce, Widad, kuma a gabana aka yi.

Mu Hausawan Sudan ne. Aure ne ya kawo ni Alƙahira, wurin Malam Sada, mutumin Katsina da ya zo karatu ya gama bai koma ba. Da yaƙi ya ci garejin Baba, sai muka ɗauko shi zuwa gidanmu a unguwar Faisal, hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo. Jaka ɗaya ya zo da ita, sai tukunyar gahawarsa. Ya samu kujera a baranda ya zauna yana fuskantar titi, ba ƙorafi, ba hira. Ga yanar ido tana rufe masa gani a hankali. Likitan da muka kai shi wurinsa a unguwar Mohandessin ya ce aiki ne ƙarami, amma in aka bari ta ƙosa, kada a zo masa da kuka. Na yi lallashi, na yi faɗa, kukan ma na yi shi tun kafin lokacinsa. Amsar Baba ɗaya ce kullum: "Me ya rage da zan gani?"

Ga kuma kunyar surukuta, wadda Malam ya ɗauko tun daga Katsina bai bar ko ɗigo a hanya ba. Gidan da in ka yi tari a kicin ana ji a baranda, amma mutum biyu sun iya zama cikinsa ba su haɗa ido ba. Malam zai durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe shi, Baba ya amsa yana kallon titi, shi ke nan an gama na ranar. Sauran magana duk ta bakina take bi. "Ki gaya wa Baba." "Ki gaya wa Malam." Ni ce wayarsu, kuma babu mai saka mini kati.

Ana nan Malam ya haɗa ɗan abin da ya tara ya sayi babur mai ƙafa huɗu, irin wanda Misrawa ke kira bich bagi. Yana ɗaukar baƙi 'yan Najeriya, masu zuwa ganin likita da iyalan ma'aikatan ofishin jakadanci, ya kai su yawo cikin rairayin bayan Ahram, manyan dalolin nan na tarihi, su yi hotuna. Da shi muke ci, da shi muke biyan haya. Ranar da ya sayo shi ya kunna mini bidiyonsa a waya, sai muka ji murya daga baranda.

"Widad, tambayi Malam, silinda ɗaya ne wannan?"

Na kusa sakin kofin da ke hannuna. Rabon Baba da ya tambayi wani abu har na manta.

Ranar Juma'a ya sa jallabiyarsa ya bi Malam zuwa filin da ake ajiye babur ɗin, bayan wani bargan dawakai. Mikrobas ɗaya suka shiga, ƙaramar bas ta haya, amma Malam can baya ya zauna. A nan Baba ya tarar da abin da ya ɗaure masa hannu: kamfanin da ya sayar ya ba da garanti na shekara guda, da sharaɗin kada wani makanike ya taɓa injin sai nasu. Har ɗigon jan fenti suka sa a kan notuna don su gane in an kwance. Baba ya shafa fentin da yatsa ya ce, "Tamam, babu laifi. Shekara ba ta da nisa."

Daga nan kowace Juma'a yana can. Ya wanke, ya goge, ya kakkaɓe matatar iska, don rairayin wurin nan ba ya barin komai. Ya fara sayo sufanu a kasuwar gwanjo, ɗaya-ɗaya, yana naɗe su cikin wani tsohon tawul. Ya fara cin abinci da kyau. In na tayar da maganar ido sai ya ce, "Bari shekara ta cika tukuna." Ni dai na riƙe wannan maganar kamar igiya, don ita kaɗai nake da ita.

Shekara na gab da cika, kamfanin ya kira Malam. Suna sayar da ƙarin garanti na shekara biyu, wanda ya haɗa har da baburan haya. Inji, giya da kayan lantarki, duk abin da ya lalace su za su gyara. Taya, birki da bel kuwa, wannan kai da aljihunka. Sai dai a biya kafin na farkon ya ƙare, in wata ya mutu an rufe ƙofa. Sharaɗin kuma yana nan daram, ba hannun da zai taɓa sai nasu.

Malam ya kai maganar wurin abokansa na karatu, suka zo falonmu suka shanye mini shayi buta biyu. Ismail ya ce garari ne, wato sayen abin da ba ka sani ba ko za ka same shi, kamar sayen kifi yana cikin ruwa. Harun ya ce a'a, hidima ce da ke bin abin da aka saya, kuma akwai malaman da suka halatta. Suka yi ta jan ƙaulani har la'asar ta yi, suka tashi kowa da gaskiyarsa a hammata. Ko ɗayansu bai tambayi wa zai biya in giya ta fashe ba.

Malam kuwa ya riga ya san amsar. Wani Bamisire da ke ajiya kusa da shi, giyarsa ta tafi bayan garanti ya ƙare, babur ɗin yana nan an rufe da tamfol, kaji na kwana a kai.

"Ina ganin saye shi ne hankali," in ji shi, bayan baƙi sun tafi. "Ki gaya wa Baba."

"Ni? Wallahi ba da bakina ba, Malam. Mutum ya shekara yana jiran tukunya ta nuna, ka ce in je in gaya masa an ƙara mata ruwa?"

"To in inji ya buga fa? Baba manyan motoci ya sani. Wannan rabinsa kwamfuta ne. Kuma idonsa..."

Bai ƙarasa ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Na shiga kicin na yi ta buga tukwane, duk da ba su yi mini laifin komai ba.

Ba sai da na gaya masa ba ma. Cikin makon wata fitila ta kama a gaban babur ɗin, Malam ya kai shi kamfani tunda garantin farko bai ƙare ba. Baba ya ce zai bi, ni ma na bi don kada a rasa mai kai saƙo. Wurin fes, ba ɗigon baƙin mai a ƙasa. Injiniyan bai ɗauki sufana ko ɗaya ba. Waya ya jona a ƙarƙashin kujerar babur ɗin, ya duba kwamfutarsa. Mutumin kirki ne, da ya ji an ce Baba usta ne sai ya juyo masa da ita ya ce, "Duba, ya Hajj, ga matsalar nan." Baba ya sunkuya. Ya ƙara matsawa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙe ya ce, "Tamam." Na san bai ga komai ba. Muna fita kuma mai sayarwa ya biyo mu yana tuna wa Malam maganar ƙarin garanti, da ƙarfi, sharaɗi da komai.

Da muka isa gida Baba ya ɗauko tawul ɗin sufanun, ya ɗaure da igiya, ya miƙa mini.

"Sa a ƙarƙashin gado. Ki gaya wa Malam ya saya. Abincin iyali ba abin gwaji ba ne."

"Baba, ai da an yi aikin idon nan..."

"Khalas, Widad, an gama magana."

Ya koma kujerarsa ta baranda. Juma'a ta zo, bai sa jallabiya ba. Wata Juma'ar ta zo, haka. Abincin da na kai masa ya fara dawowa rabi.

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Na ce, "Ga shi an sauƙaƙa maka, Baba ya ce ka saya." Sannan na faɗi abin da ke raina, don ni ban iya ɓoye-ɓoye ba. Na ce tsoro nake ji. Ba tsoron inji ba, tsoron in wayi gari in ga mahaifina ya makance a kan kujerar nan alhali maganinsa na nan Mohandessin. Malam ya saurare ni har na gama, ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri," ya fita masallaci. Na bi bayansa da harara. Malaman nan in sun rasa abin faɗa sai su ba ka addu'a, kai kuma ba dama ka yi musu.

Wata ya mutu. Ban tambaye shi ba, na ɗauka ya biya an wuce wurin.

Wata rana bayan la'asar na ji hayaniya a ƙasa, masu tuk-tuk, keken haya mai ƙafa uku, na ta hon. Na leƙa, sai ga ƙaramar motar ɗaukar kaya ta tare layinmu, ana sauke babur ɗin Malam a bakin ƙofar gini. Jim kaɗan sai ga shi ya hawo yana haki. Na taso in karɓi saƙo kamar kullum, sai ya wuce ni. Ya je har baranda, ya durƙusa dab da ƙafar Baba, wurin da bai taɓa kaiwa ba.

"Baba, babur yana wani ƙara in an tashi. Na kawo shi."

Baba bai juyo ba. "Widad, gaya wa Malam ya kai kamfani."

"Ba za su karɓa kyauta ba, Baba," in ji Malam, kansa a ƙasa. "Ban saya ba. Lokacin kuma ya wuce."

Sai a lokacin Baba ya juyo ya dube shi, ido cikin ido, karon farko tun da aka ɗaura mana aure.

"Mantawa ka yi?"

"A'a."

"To ka yi wauta, Malam. Da karatunka da komai."

"Na'am, Baba."

Na tuna babur ɗin Bamisiren nan da kajinsa, na tuna haya. Na so in yi faɗa, na kuma so in rungume mutumin nan, na rasa wanne zan fara, sai na tsaya riƙe da labule.

Baba ya dafa kujera ya miƙe. Can ya ce, "Kawo tawul ɗin."

Muka sauka tare, yana dafa bango. Malam ya tayar da injin. Baba ya ɗora tafin hannunsa a gefen murfin, ya karkata kai yana saurare, ya sa aka ƙara wuta, aka rage. Ya ce yana zaton wajen bel ne, amma ba zai rantse ba sai ya buɗe ya gani. Ya kwance tawul, ya laluba ya zaɓi sufana, ya tsuguna. Ya kai ta kan noti, ta zame. Ya sake kaiwa, ta faɗa gefe. Ya shafa da yatsa ya samu notin, ɗigon jan fentin na nan a kansa, amma da ya kawo sufanar sai ta sake kucce masa ta daki ƙarfe. Mai shagon ƙasan gininmu ya taso zai taimaka, Malam ya girgiza masa kai.

Baba ya zauna a kan dakalin ƙofa, sufana a hannu. Ya goge fuskarsa da hannun riga.

"Malam," ya ce, kai tsaye, ba ta bakina ba. "Kwana nawa za ka iya yi ba ka fita aiki ba?"

"Yadda ya kama, Baba."

"Kada ka bar kowa ya taɓa shi. Ka rufe shi da kyau, yaran layin nan ba su da ta ido."

Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Widad, likitan nan na Mohandessin, yana nan?"

Na ce yana nan.

"Kira shi. Ki ce masa da idon dama za a fara, shi ne na aiki."