Indararon Kaka Olinda

"Ka taɓa ta da zarton nan, Amílcar, ni kuma in taɓa ka da wannan." Kaka Olinda ta ɗaga ludayin miya har saitin hancinsa.

"Dona Olinda, ba ni na kafa dokar ba. Duk bishiyar da reshenta ya hau rufin gida, a sare ta kafin zafi ya shigo."

"Dokar ta san wanda ya dasa ta? Mijina Fausto ne ya dasa ta ranar da aka haifi uban yaron nan. Lokacin kai kana yawo ba wando, kana sace mana ɓaure."

"Na ci ɓauren, kuma Allah ya jiƙan Fausto. Amma irin wannan bishiyar, pinyeru, hatsari ce. Ƙaro ne a jikinta tun daga saiwa har kai. Ashana ce mai tsawon bene kika jingina wa gidanki."

"To ashanata ce."

Ni ina tsaye a tsakaninsu riƙe da zarton. Ita kakata ce, a hannunta na tashi, don iyayena suna aiki a Faransa. Shi ne shugaban 'yan kwana-kwanan sa kai na ƙauyenmu, shi ke koyar da mu sababbin shiga. Ban daɗe da gama sakandare ba. Ba wanda ya nemi ra'ayina. Dama ba a cika tambayata ba.

Amílcar ya bar ta da ludayinta, ya zagaya gidan a hankali. Ya tsaya gaban tarin itacen girkin da ke jingine da bango. Ya leƙa ƙarƙashin rufi inda tsuntsaye suka yi sheƙa. Sannan ya taka tsani, ya cusa hannu cikin indararo, ya damƙo busassun ganyen bishiyar, sirara kamar allura. Ya murza su, suka koma gari.

"Na ji," ya ce da ya sauko. "Bishiya ta tsaya. Amma rassan da ke kan rufi za su tafi. Itacen girkin nan ya koma can ƙarshen lambu. Jikanki Telmo kuma duk Asabar ya hau ya share rufin da indararo, har ruwan sama ya sauka."

"Itace a ƙarshen lambu? Da wannan gwiwar tawa?"

"Kina da jika. Me yake yi ban da cika da batsewa?"

Kaka ta kalle ni. "Wannan kam gaskiya ka faɗa."

Haka suka shirya a kaina.

Asabar ce ranar da ake kai mu horo mai daɗi. Wata ranar ƙaramin filin jirgin sama da ke bayan gari, inda akwai gawar wani tsohon jirgi da ake cinna wa wuta mu koyi kashe wutar mai da kumfa. Wata ranar otal, a nuna mana bututan da ke cikin silin masu fesa ruwa da kansu, da inda ake rufe su. Don irin wannan na shiga aikin. Amma Amílcar ya ce sai na gama rufi zan zo barikin kwana-kwana, kuma sau da yawa kafin in iso motar ta tashi.

Hélder, abokina tun firamare, ya sa mini suna Kwamandan Indararo.

"Yau jirgi nawa ka ceto a kan rufin, ranka ya daɗe?"

"Rufe mini baki."

"Mu dai mun sha kumfa har kunne. Ka gaida tsuntsaye."

Ba na ramawa. Ina dai ajiyewa a ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne aikin ba ya ƙarewa. In share yau, iska ta kaɗa, mako mai zuwa indararo ya sake cika. Kaka na ƙasa tana riƙe da tsani, tana ba da umarni.

"Kar ka fasa mini tayil. Nauyinka kamar buhun dankali."

Wata Asabar Amílcar ya zo da kansa, da ragar waya da almakashin ƙarfe. Muka bi duk kafar da ke ƙarƙashin rufin muna toshewa. A nan ne ya yi mini magana mafi tsawo da ya taɓa yi.

"Kuna zaton wutar daji tana zuwa ta buga bango ta shiga. Ba haka take yi ba. Tun tana bayan tsauni take aiko garwashi a iska. Ɓawon itacen turare yana tashi da wuta a jikinsa, ya tsallake rafi, ya tsallake titi, ya sauka a nan." Ya buga indararon da almakashi. "In ya sami abinci ya ci gidan daga sama, mu muna can muna fesa wa daji ruwa. In bai samu ba ya mutu."

"Na ji, Shugaba."

"Ba ka ji ba. Kana tunanin jirgi."

Kaka ta ba shi miyar kabeji da burodin masara, tana cewa gara ya ci, ko bakinsa ya sami wani aikin ban da sare bishiyoyin mutane.

A cikin bazarar ya kai mu gefen tsaunin da ya ƙone bara. Ya nuna mana wani kututturen zaitun baƙi ƙirin, ga koren tsiro ya fito ta gindinsa. Ya nuna pinyeru a jere, tsaye kamar turaku. Ya ce zaitun yana dawowa. Pinyeru in ta ci wuta, shi ke nan, sai zarto.

Wutar ta zo a watan Agusta, da rana tsaka. Jiniyar bariki ta yi kuka ina cikin cin abinci. Kafin la'asar sama ta koma ruwan ƙasa, rana ta zama ja, ana iya kallonta ido buɗe.

Aka ajiye motarmu a kan titin da ke fita daga ƙauye ta ƙasa. Ta nan ake kwashe mutane, kuma aikinmu kar wuta ta rufe shi. Na ga motar 'yan sanda ta wuce da Kaka a baya, ta rungume kwandon kaji a cinya. Ba ta gan ni ba. Cikin hular kwano duk kamarmu ɗaya.

Sai iska ta juya. Na ji a oba-obar da ke kafaɗar Amílcar ana cewa wuta ta haye rafi, ta kama layin gidajen da ke saman ƙauye. Gidanmu ne na ƙarshe a layin sama. Babu mota ko ɗaya a can, babu kuma wadda za a iya turawa.

Na sassauta riƙon tiyo. Hélder da ke bayana ya ji, don ruwan ya fizge shi.

"Shugaba," na ce. "Gidan."

"Na ji."

"Ta hanyar gonar inabi zan iya kai wa da ƙafa."

"Ka kai ka yi me? Ka tofa mata yawu?" Bai ko kalle ni ba, idonsa na kan titi. "Riƙe tiyonka. Akwai mutane ba su fito ba. Aikin gidan nan ka riga ka yi shi."

Na riƙe. Daga inda muke ana hango kan bishiyar, ta fi duk rufin ƙauyen tsawo. Na ga lokacin da ta kama. Ba ta ci a hankali ba. Gaba ɗaya ta tashi, daga ƙasa zuwa sama, sannan hayaƙi ya rufe wurin. Hélder bai yi tsokana ba. Ya dai matso ya ɗauke mini rabin nauyin tiyon.

Titin bai rufe ba. Kowa ya fita.

Sai da gari ya waye aka bar mu muka hau layin sama. Ƙasa na da ɗumi har ta cikin takalmi. Gidan Dona Benvinda, maƙwabciyarmu da ta koma Lisbon wurin 'yarta, rufinsa ya rufta ciki. Bangon na tsaye lafiya, ko fentin ƙofar bai tashi ba. Daga sama wuta ta ci shi.

Namu yana nan. Bangon da ke fuskantar bishiyar ya yi baƙi, gilashin taga ɗaya ya tsage. Itacen girkin da na kwashe zuwa ƙarshen lambu ya zama tudun farar toka. Bishiyar kuwa sanda ce kawai, tana ɗan hayaƙi.

Na sauke tsani daga mota na hau rufin. Indararon cike yake da gawayi. Ɓawon turare, wani ya kai tafin hannuna, wani ya fi. Sun sauka da wutarsu, sun bar tabo a jikin ƙarfen, sun mutu a nan. Wasu sun maƙale a ragar wayar da muka ɗaura. Na ɗauki ɗaya. Ya yi sanyi. Na daɗe a zaune riƙe da shi.

Amílcar na ƙasa, ya cire hula, fuskarsa baƙa sai idanu. Na so in ce wani abu. Na jera maganar a raina tun daga Asabar ta farko, da jirgin da ban gani ba, da duk abin da na kira shi a zuci.

"Shugaba," na ce. Sauran ya ƙi fitowa.

"Sauko. Tsanin na bariki ne."

Na sauko na miƙa masa gawayin. Ya juya shi a hannu, ya dube ni, ya sa shi a aljihu. Ina ganin ya gane.

"Kwamandan Indararo," Hélder ya ce a hankali, ya sara mini. Wannan karon ban ji haushi ba.

Can aka kawo Kaka da kwandon kajinta. Ta tsaya a bakin lambu. Ta kalli gidan Benvinda, ta kalli nata, ta yi alamar gicciye. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe ƙofa da makullin da ke rataye a wuyanta, ta shiga, ta fito da kwalin madara da kofuna.

A wajenmu duk wanda ya sha hayaƙi madara ake ba shi. Amílcar ya sha gaya mana cewa ba ta wanke komai a ƙirji, ruwa ya fi ta, kuma yakan faɗa wa tsofaffin haka a gaban idonsu. Ranar ya karɓa da hannu biyu, ya shanye, ya miƙa kofin aka ƙara masa.

"Ɓarawon ɓaure," Kaka ta ce, tana zubawa. "Allah ya yi maka albarka. Har yanzu dai bakinka ya yi yawa."

"Na gode, Dona Olinda."

Ta ajiye kwalin a kan dakali. Ta taka a hankali zuwa gindin bishiyar, toka na tashi a ƙafarta. Ta ɗora tafin hannu a jikinta, ta ɗauke, ta duba baƙin da ya shafe ta. Ta ɗaga kai tana bin sandar da ido har sama.

"Amílcar, kai da ka san komai," ta ce, ba ta juyo ba. "In ruwa ya sauka, za ta sake tsiro?"