Kalmomi Goma na Likita Kaupa

Da jini a haƙoransa aka shigo da Waim ɗakin sauya kaya, yana ta rantsuwa wai jan goron buai ne. Likita Kaupa bai ƙaryata shi ba. Shekara goma sha biyu ya yi yana buga zari-ruga a Goroka kafin ya koma karatu, sau uku ana karya masa hanci, don haka ya san ƙarar da kai ke yi idan ya gamu da gwiwa. Tun daga bakin fili ya ji ƙarar kan Waim.

Minti goma sha biyar doka ta ba shi ya yanke hukunci: ko Waim ya koma ya ƙarasa wasan ƙarshe, ko ya zauna. Ya karanta masa kalmomi goma, ya ce ya maimaita. Waim ya kawo shida. Kaupa ya duba gwajin farkon kakar wasa, wanda aka yi lokacin da kowa ke garau, sai ya ga huɗu kacal ya kawo. Abin ya ɗaure masa kai, har ya so ya yi dariya. Yaushe buguwar kai ta fara ƙara wa mutum basira?

"Kawu, takarda ta wanke ni," in ji Waim. "Sa hannu mana, ana can ana cin mu."

Kaupa ya tambaye shi wa ya koya masa ya yi wauta da gangan a gwajin farko, don kome ya same shi daga baya ya zarce makinsa. Waim ya washe jajayen haƙora, ya ce ai kowane sabon ɗan wasa ana raɗa masa, kuma manya sun ce wani mai karkataccen hanci ne ya kawo dabarar a shekararsa ta ƙarshe. Kunya ta kama Kaupa, don ba sharri aka yi masa ba.

Ya kife takardar, ya ja benci ya zauna, kamar hira za su yi.

"Na ji an yi maka haihuwa makon jiya. Wane suna kuka sa mata?"

Waim ya buɗe baki da fara'arsa, sai fara'ar ta tsaya. Ya dubi bango, ya dubi hannayensa. A waje jama'a na ta kiran sunansa. Can ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa da kansa.

"Sunan zai dawo mini, Kawu?"

"Kafin gobe, in ka huta."

Gaskiya ya faɗa masa, galibi yakan dawo. Abin da bai faɗa ba shi ne ranar nasa auren, wadda ta faɗo kwana biyu bayan ya bugu a ka a wani wasa a Lae. Har yau a bakin matarsa yake jin yadda aka yi.