Ba Na Sa Hannu a Duhu

Tsohon tela yana cikin ɗinka aljihu sai 'yarsa ta shigo shago da takardu. Halayyar ɗan Adam take karanta a jami'a, kuma a kan mahaifin nata ta yi rubutun kammala karatu, don ya shekara ashirin da biyu cikin wata ƙungiyar addini mai tsanani kafin ya fita. Sa hannunsa kawai ya rage.

Ya ce, "Karanta min tukuna. Ba na sa hannu a duhu."

Ta gyara murya. "Masana sun ce imani hawa-hawa ne, kamar matakalar bene. Kai Baba kana mataki na huɗu, inda mutum yake fara shakka."

Ya tsayar da keken. "Shakkar wa?"

"Haka littafin ya ce."

"Littafin ya taɓa ganina? Tun ina yaro ban yi fashin asuba ba. Can sun ce na ɓata, nan kun ce na hau bene. Kowa sai ya auna ni."

"To me ya fitar da kai? Ga karatu, ga tafiye-tafiye, ga rikici da shugabanni. Zaɓi ɗaya."

"Wando."

"Haba Baba! Gobe fa zan miƙa."

"Na ce miki wando." Ya ja tsaki, ya cire tabarau. "Baffanki ya kawo in sa masa zik. Ƙafar wandon ta wuce idon sawu, mu kuwa an hana mu taɓa irinsa. Na jefar masa a ƙasa gaban mutane. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ce, 'Allah ya huci zuciyarka, Yaya.' Wata biyu tsakani ya rasu. Na je wurin shugabanmu, ya ce ai na yi daidai. Daga ranar ban sake taka ƙofarsu ba."

Ta jujjuya takardar. "Babu gurbin wannan."

"Sai ki yi masa. Ni in riga ta gaza, ba na datse hannun mai ita."

"Malamina zai rage min maki."

"Turo min shi nan."

Ta soke layin mataki na huɗu, ta rubuta labarin wandon a gefe. Ya sa ta karanta har sau biyu. Inda ta sa "ya mayar masa", ya buga tebur.

"Jefarwa na yi. Kada ki wanke ni."

Ta gyara. Ya karɓi biron, ya zana sunansa harafi ɗaya-ɗaya, ya tura mata takardar.

"Matsa, kin tare min haske."