Akwatin da ke Raba Ruwa

Gonata ce ta tara, ta ƙarshe a layinmu na Jiratawa. Da can Malam Zakari ke buɗe ruwa da hannu, in ya cuce ka ka je ka zage shi. Bayan zaɓe sabon kwamiti ya sallame shi, aka kafa wani akwati mai agogo a ɗakin famfo. Wai shi ba ya da jam'iyya, kowace gona awa guda, bi da bi.

Ashe in wuta ta ɗauke sai ya mance inda ya tsaya, ya koma gona ta fari. Wuta kuwa bana ba ta yin awa biyar a jere. Kwana goma sha ɗaya tattasaina bai ga ruwa ba, gona ta fari har kwaɗi sun tare.

Na hau kabu-kabu har Maraɗi, wajen Filimon da ya haɗa akwatin.

"Kai, wannan jan maɓallin na tsallake gona, na danna har yatsana ya kumbura."

"Inna, na yanke wayarsa. Kwamiti suka ce kada kowa ya taɓa."

"To maido ta."

"Sai su duka sun sa hannu, kuma tun rikicin siyasar nan ba su ko gaisawa."

"Wa zan kai ƙara, kai ko akwatin?"

Na sake hawa kabu-kabu na koma gona.

Na iske wuta ta dawo, ruwa na gudu a gona ta fari. Na duƙa na fara tumɓuke tattasaina.